Babi na Biyar: Ciwon da Ake Ɗaukowa a Wurin Neman Abinci

Idan birkila ya faɗo daga saman bene, kafin la'asar labari ya karaɗe unguwa. A ruga da shi asibiti, a yi karo-karo, a yi ta zuwa jaje, wani lokaci har gidan rediyo ya ɗauka. Amma leburan da ya yi shekara da shekaru yana sauke buhunan siminti, yau ga shi zaune a ƙofar gida numfashi na yi masa wuya, da wuya ka ji wanda zai ce aiki ne ya kwantar da shi. Cewa za a yi sanyi ya kama shi, ko asma ce, ko tsufa ne ya zo da wuri, in ma ba a ce sammu ba. Alhali su biyun a wuri ɗaya suka gamu da abin da ya same su. Bambancin kawai, na farko a gaban idon jama'a ya faɗi, na biyu kuwa a hankali ciwon ya ci shi, ba mai kallo.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da ƙiyasi a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke rasa ransu duk shekara a dalilin aikin da suke yi. A cikinsu, kimanin 330,000 ne hatsari ke kashewa. Sauran, wajen miliyan 2.6, cuta ce: ciwon zuciya, ciwon daji, ciwon huhu da makamantansu. Wato a duk mutum goma da aiki ya yi ajalinsu, kusan tara a kan shimfiɗar jinya suka cika. Wannan babi a kan waɗannan taran yake. Abin da nake so mai karatu ya fita da shi kuwa shi ne, yawancin abubuwan da ke tsare ma'aikaci daga irin wannan ciwo ba su da tsadar da za a ce sun gagara. Ruwan sha ne, da sabulu, da wurin wanka da sauya tufafi, da banɗaki, da inuwa, da hutu. Arharsu ce ma ta sa ake raina su.

Tambayar da ta kamata likita ya ƙara

A ƙarshen ƙarni na 17 akwai wani likita a garin Modena na ƙasar Italiya, sunansa Bernardino Ramazzini. Wata rana aka kira mai yasar masai ya yi aiki a gidansa. Likitan ya lura mutumin na aiki da gaggawa fiye da kima, sai tausayi ya kama shi, ya tambaye shi dalilin da ya sa ba zai bi a hankali ba. Mutumin ya ɗago kai, idanunsa sun yi jajir, ya bayyana masa cewa duk wanda ya wuce sa'o'i kaɗan a cikin ramin nan, raɗaɗin ido kan kai shi ga kusan makancewa, shi ya sa yake sauri ya gama ya koma gida ya wanke ido ya kwanta a ɗaki mai duhu. Da Ramazzini ya bincika, sai ya tarar akwai makafi da masu raunin gani da ke bara a garin waɗanda a da wannan sana'a suke yi.

Daga nan ya shiga bin masu sana'a wuraren aikinsu: mahaƙa ma'adinai, magina tukwane, masu fenti, majema, masu gashin burodi, masaƙa, har da marubutan da ke wuni a zaune. A shekarar 1700 ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a fiye da 40, kuma shi ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni na likitanci. Babbar shawarar da ya bar wa likitoci ita ce, bayan tambayoyin da aka saba yi wa maras lafiya, a ƙara da tambayarsa sana'ar da yake yi.

Shekara fiye da 300 ke nan, amma har yau mutum kan je asibiti da tari, a rubuta masa magani, ya sha, ya ji dama, ya koma cikin ƙurar da ta haddasa tarin, bayan wata biyu ya dawo. Ba wanda ya tambaye shi inda yake wuni, shi ma bai ga dalilin faɗa ba.

Ƙurar da ta shiga tsakar gida

Babu abin da ya nuna mana nisan da ciwon wurin aiki ke iya kaiwa irin abin da ya faru a Zamfara. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido a kan cutar sanƙarau, sai suka riski ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda yara ƙanana ke ta mutuwa. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, shi ke nan. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, an gwada na sanƙarau bai yi ba. Sai da aka aika jinin yaran ɗakin gwaji a ƙasar waje aka gano gubar dalma ce.

Ga yadda abin ya faru. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen yankin, waɗanda yawancinsu manoma ne, suka duƙufa haƙa. Dutsen da ke ɗauke da zinaren a wasu ramuka yana cike da dalma. Maza su kwaso shi a buhu su kawo gida. A farfasa da guduma, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a shanya garin a tsakar gida. Ƙura ta bi iska ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci, a bakin randa. Maigida ya dawo daga wurin niƙa jikinsa fari fat, ya ɗauki ɗansa ya rungume. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin zuƙar dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa da ke tsakiyar girma ita gubar ke fara taɓawa.

Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu a cikin shekara guda. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da aka je da ita iyakar awonta 65 ne, kuma jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa, a cutar da tun daga awo 5 ake fara neman inda yaro ke samun gubar. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka mutu, dubbai kuma suka sha maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Maganin ma ba ya amfani sai an fara gyara gidan da yaro zai koma, don haka aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, ana kwashewa, ana zuba sabuwa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai a 2013 aka yi masa wannan aiki, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. A 2015 kuma irin wannan musiba ta sake aukuwa a yankin Shikira na Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Waɗannan yara ba ma'aikata ba ne, ba su taɓa shiga rami ba. Aikin iyayensu ne ya biyo su har kan tabarmar da suke barci. Iyayen kuma ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema wa yaran nan. Abin da ya kashe su shi ne rashin shinge tsakanin wurin aiki da gida.

Daga ina ake fara kariya?

Hana haƙar zinare bai yi aiki ba, domin mai jin yunwa ba ya jin doka, sai dai ya koma yi a ɓoye. Abin da ya yi tasiri shi ne sauya yadda ake aikin. An fitar da niƙan dutse daga cikin gari. A Jihar Neja, MSF da wata ƙungiya mai suna OK International sun yi gwaji tare da mahaƙan: aka sa wa injinan niƙa bututu mai fesa ruwa, yadda garin dutsen zai jiƙe kafin ya tashi. Da aka auna iskar da masu aikin ke shaƙa, dalmar da ke cikinta ta ragu da kimanin kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma ta ragu da kimanin kashi 80. Aka haɗa da wurin wanke jiki da sauya kaya kafin a tafi gida. Ruwa ne da tiyo da sabulu suka yi wannan aiki.

Masana lafiyar ma'aikata suna da tsarin da suke bi, mataki-mataki. Da farko a duba ko za a iya kawar da abin cutarwar gaba ɗaya. In ba zai yiwu ba, a musanya shi da wanda bai kai shi illa ba, misali fenti marar dalma a maimakon mai dalma. In wannan ma ya gagara, a tare cutar a inda take fitowa: a jiƙa ƙura, a rufe inji, a buɗe tagogi, a sa fanka mai zuƙo hayaƙi waje, a kai janareta nesa da inda mutane ke aiki. Sai kuma tsara aiki, a rage lokacin da mutum ɗaya ke yi a wuri mai haɗari, a riƙa karɓa-karɓa. Kayan kariya na jiki, wato takunkumi da safar hannu da hular kwano da tabarau, su ne na ƙarshe.

Mu kuwa daga ƙarshen muke farawa, kuma a nan muke tsayawa. A raba wa ma'aikata takunkumi a ɗauki hoto, a ce an kula da lafiyarsu. Wannan daidai yake da a bar rufin ɗaki yana yoyo a riƙa tara kwano. Takunkumi yana da amfani, amma a zafin watan Afrilu ba kowa ke iya wuni da shi a fuska ba. Kuma ƙyalle ko rawanin da ake naɗewa a hanci, har da takunkumin asibiti na yau da kullum, ba sa tare ƙurar da ta fi illa, wadda ido ba ya gani. Sai irin wanda aka yi domin ƙura, kamar N95, kuma sai ya zauna daram a fuska ba tare da kafa ba.

Siminti, ƙara, walda da rami

Ka tsaya a wurin gini ranar da ake zuba kankare a saman bene. Leburori sun yi layi, kowa da kwanon sarki a ka, suna hawa tsanin katako suna saukowa. Masu kwaɓi na tsaye cikin jiƙaƙƙen siminti, wani da silifa, wani ya ɗaure ƙafa da leda ko yagaggen buhu, wani ƙafa a ƙasa. Ruwan kankaren na gangarowa daga kwano ya bi wuya ya shiga riga. Da yamma in aka tashi, ka dubi tafin hannunsu: fata ta yi fari, ta tsattsage, tsakanin yatsun ƙafa ya saɓule. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata a hankali, ba a jin zafinsa sai ya riga ya yi ɓarna, kuma akwai sinadarin da ke cikinsa wanda in jiki ya ƙi shi, ƙaiƙayi da ƙuraje sun zauna ke nan duk ranar da mutum ya sake taɓa shi. Takalmin roba mai tsawo, safar hannu, da durom ɗaya na ruwa mai tsabta da aka ware domin wanke jiki, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba a cikin kuɗin ginin.

Masu fasa dutse da masu yankan tayil suna shaƙar ƙurar da ke sa huhu ya ƙanƙance ya yi tauri. Wannan cuta ba ta da magani, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare tsakanin masu irin waɗannan sana'o'i da masu fenti da masu walda, ta shan madarar gwangwani bayan an tashi aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Kuɗin madarar mako guda ya isa sayen takunkumi na gaske.

Mai injin niƙa a kasuwa yakan wuni cikin ƙarar da sai an yi ihu yake jin mai kawo markaɗe. Ma'aunin da masana suka tsayar shi ne, ƙarar da ta kai awo 85 tana lalata ji in ana wuni a cikinta sa'a takwas kullum. Ba sai da na'ura za ka gane ba: in mutum na tsaye kusa da kai, tazarar hannu guda, amma sai ka ɗaga murya yake jin ka, to wurin ya kai. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Shi kuma mai walda da ke aiki da baƙin tabaran kwalliya, ko yaronsa da ke riƙe masa ƙarfe yana kau da kai, su ne ke farkawa tsakar dare ido na zubar da ruwa yana raɗaɗi. Makanike ya wanke hannu da fetur, ya zuƙo mai da baki ta tiyo, sannan ya sa hannun a kwanon abinci.

Mafi ban tausayi su ne masu yasar rijiya da masai, da masu shiga ramukan ruwan jima a masana'antun fata. A irin waɗannan ramuka wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kan taru a ƙasa. In ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya zaci ta wuce, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Ɗan'uwansa ya ga shiru ya bi shi, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Sau da yawa haka ake fito da gawa biyu ko uku daga rami ɗaya. Ƙa'idar ba ta da wuya: a buɗe rami ya sha iska, a tura masa iska daga sama, mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, a sami masu riƙe da ita a waje, kada a kunna janareta ko injin jan ruwa a ciki ko a bakin ramin, kuma in wani ya faɗi a jawo shi da igiya, kada kowa ya bi shi haka nan.

Ruwa da inuwa

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram yakan haura awo 40 a inuwa. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin sa'a ɗaya. Shawarar masana ita ce ya sha kimanin kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20, kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi. In lebura da kuɗinsa zai sayi kowace ledar ruwa, to lissafi zai riƙa yi, ya sha rabin abin da jikinsa ke buƙata. Shi ya sa ruwan sha a wurin aiki yake wuyan mai aikin.

Illar ba ta tsaya ga jiri da suma ba. A Nikaraguwa da maƙwabtanta na tsakiyar nahiyar Amurka, dubban masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda suna da ƙuruciyarsu, ba su da ciwon sukari, ba su da hawan jini. Bincike ya danganta abin da aikin ƙarfi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, kullum ƙoda na ɗan jin rauni har ta gaza. Da wata babbar gonar rake ta shigo da tsarin ruwa da hutu da inuwa, ana kafa rumfar tafi-da-gidanka a bakin aiki ana tilasta hutu lokaci-lokaci, sai raunin ƙoda ya ragu ƙwarai a tsakanin ma'aikatanta.

Saudiyya ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ƙatar ta hana daga 10 na safe zuwa 3:30 a watannin zafi. Manomanmu sun san wannan tun kaka da kakanni: a yi sammako, rana ta take a koma gindin bishiya, a dawo da yamma. Ɗan kwangila ne ya zo da agogo ya rushe tsarin. In azumi ya faɗo a bazara kuwa, mayar da aiki mai nauyi zuwa bayan asuba ko bayan shan ruwa ya zama tilas ga duk mai tausayin mutanensa. Kuma kowa ya san wannan alama: in abokin aiki ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Minti kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa.

Banɗaki, wurin cin abinci da hutu

Akwai maganar da kunya ke hana a yi, ita ce ta banɗaki. Ma'aikatu da shaguna da ofisoshi da yawa suna da banɗaki ɗaya mai kyau, a kulle, makullin na hannun manya. Sauran ma'aikata kowa ya san inda dare ya yi masa. Namiji ya ɗauki buta ya zagaya bayan katanga. Mace fa? Matan da ke wuni suna tsintar riɗi da zoɓo a rumbuna, da masu shara, da malaman makaranta, da masu jiran shago, da yawansu dabarar da suke yi ita ce su ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya matsa musu. Sakamakon shi ne ciwon mara da ciwon mafitsara, ga wahalar kwanakin al'ada, ga mai juna biyu da ba ta iya riƙewa. Wurin aikin da ya ɗauki mata bai tanadar musu banɗakinsu daban mai ƙofa da sakata da ruwa ba, bai shirya ɗaukarsu ba.

Haka wurin cin abinci. Wanda ya ci tuwo a kan buhun maganin ƙwari, ko a gefen teburin da ake fasa tsohon batir, ya haɗa da guba ya haɗiye. Benci ɗaya a ƙarƙashin rumfa, nesa da inda ake aiki, da bokiti mai famfo da sabulu a gefe, sun wadatar. Kayan aiki kuma su kwana a wurin aiki, kada a haɗa wankinsu da na yara.

Mai aikin ofis ma bai tsira ba, nasa ciwon dai kala daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO sun bayyana a 2021 cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar ranar aiki. Wanda ke aikin sa'a 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya fi na mai sa'a 35 zuwa 40 da kimanin kashi 35 cikin ɗari. Maigadin da ke kwana ya wuni, direban da ke Kano zuwa Legas ya juyo ba barci, ma'aikaciyar jinya da ke haɗa dare biyu, duk suna cikin wannan lissafi.

Abin da doka ta ce

Wani zai zaci duk waɗannan abubuwa alfarma ce. A Najeriya doka ce. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta tsabtar wurin aiki, da isasshiyar iska da haske, da hana cunkoso, da banɗaki na maza daban na mata daban, da ruwan sha, da wurin wanke jiki, da wurin ajiye tufafi, da akwatin agajin gaggawa. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza sa'a guda ba, da yini ɗaya na hutu a kowane mako, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da albashi in likita ya tabbatar, da hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a yini ga mai shayarwa.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma ta hana a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Asusun na biyan diyyar rauni, da mutuwa, da cutar da aiki ya jawo, da kurumcewa, har da hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Ana so ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Iyalai da yawa sun rasa haƙƙinsu don ba su taɓa jin wannan ba. A Nijar, asusun CNSS ne ke ɗaukar irin wannan nauyi. A 2022 kuma ILO ta sanya aminci da lafiya a wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na kowane ma'aikaci a duniya.

Matsalar ita ce, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su cikin rajistar kowa. Leburan da aka ɗauka a bakin titi da safe aka sallama da yamma, da yaron gareji, da mai aikatau a gida, sufeton Ma'aikatar Ƙwadago ba zai taɓa isa gare su ba. Dattawa na tuna zamanin da jin an ce ga duba-gari nan ya isa a share gida a wanke randa. Muna buƙatar irin wannan ido a wuraren aiki, amma ko an ninka sufetoci sau goma, ba za su leƙa kowane gareji da kowane kangon gini ba.

Nauyin a wuyan wa yake?

In ka yi wa mai sana'a maganar ƙura ko hayaƙi, amsar da ka fi ji ita ce, “Mun saba,” ko “Abin da Allah ya rubuta ba makawa.” Sabo dai ba ya hana huhu lalacewa, yana hana mutum lura ne kawai. Ƙaddara kuwa gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, shi ne kuma ya hana a ɗora wa na ƙasa aikin da ya fi ƙarfinsa ba tare da an taya shi ba. Ba daidai ba ne maigida ya fake da ƙaddara a kan abin da kuɗin cefanensa na yini ɗaya zai iya hanawa.

Ba kuma adalci ba ne a ɗora laifin a kan lebura. Mutumin da ya san akwai goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa ba zai buɗe baki ya nemi safar hannu ba. Wanda ke da iko da wurin aiki, shi ke da alhakin lafiyar wurin, ko kamfani ne mai ma'aikata dubu, ko maigidan da ke da yara uku a shago, ko kai da ka ɗauko magina su yi maka katanga. Iyayen da suka damƙa maka ɗansu ya koyi walda, sana'a suka kawo shi ya koya, kuma suna sa ran ka mayar musu da shi da idonsa biyu.

Inda hukuma ba ta kai ba, ƙungiyoyin sana'a sun kai. Makanikai da masu walda da masu bulo da direbobi da 'yan kasuwa duk suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin mako, suna cin tarar wanda ya saɓa. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin jinya da na jana'iza tana iya sayen takunkumi da toshiyar kunne a kan sari ta sayar wa 'ya'yanta da rahusa, ta gina banɗaki da wurin wanka a gareji, ta kafa dokar cewa ba mai shiga rami sai da igiya, ta gayyato ma'aikacin lafiya ya auna hawan jini sau biyu a shekara. Ma'aikatan asibiti su riƙa tambayar maras lafiya sana'arsa, su rubuta a kati. Mai sana'a kuma in ya je asibiti ya faɗi abin da yake taɓawa da abin da yake shaƙa, ko ba a tambaye shi ba.

Duk mai mutane a ƙarƙashinsa, gobe da safe ya zagaya wurin aikinsa ya amsa wa kansa tambaya biyar. Ina suke shan ruwa? Ina suke kewayawa? Ina suke wanke hannu kafin su ci abinci? Ina suke fakewa in rana ta take? Me suke kai wa 'ya'yansu gida a jikin rigunansu? Duk tambayar da ya rasa amsarta, daga nan aikinsa zai fara, kuma ba ya buƙatar jiran gwamnati kafin ya sayi durom da sabulu. Babi na gaba zai ɗauki hatsarin da ke zuwa farat ɗaya, wato gobara da wutar lantarki da faɗowa daga sama, da yadda ake shirya musu tun kafin su zo.